Rim da Tayar Ƙanƙara: Yadda Ake Gane Ko na Wata Mota Za Su Hau Taka

Duk mai aikin taya a cikin birnin Kano ya saba da wannan tambaya: "Malam, waɗannan za su hau motata?" Galibi mutum ne ya sayi mota 'yar Kwatano ya tarar da ƙarin tayoyi huɗu da rim ɗinsu a cikin but, ko wansa ya sayar da mota ya bar masa su jingine a soro, ko kuwa ya gan su da araha a Ƙofar Ruwa, zanensu da zurfi sosai. Yaran da ke koyon sana'a kuma amsarsu ɗaya ce. Su ƙirga huji, in biyar ne nan biyar ne can, sai ka ji, "Za su hau, Alhaji." Sau da yawa ma suna hawa ɗin. Sai bayan kwana biyu sitiyari ya fara rawa, noti ya riƙa kwancewa da kansa, wata rana kuma kusa ta karye ana tsakiyar gudu a hanyar Zariya. Ganin yadda wannan kuskure yake ta maimaituwa ne ya sa na ga ya dace a rubuta tsarin aikin, don yara masu koyo da masu motar kansu.

Yana da kyau a fara sanin inda waɗannan tayoyi suke fitowa. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe titi, mai mota yakan ajiye tayoyi kashi biyu, na lokacin zafi da na lokacin sanyi. A wasu wuraren ma doka ce. A lardin Kebek na Kanada dole ne a sa tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuma tun 2010 doka ta hana hawa titi mai ƙanƙara da tayar zafi. Don gudun cire taya daga rim sau biyu a shekara, sai su saya wa tayar sanyin rim nata daban, yawanci baƙi na ƙarfe mai araha, wani lokaci ma ya gaza na asalin motar da inci ɗaya. Idan aka sayar da motar zuwa Afirka, sai tarkacen su biyo ta. Wasu kuma a kwantena suke shigowa a ɓoye, domin tayoyin da aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. Amma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma talaka abin da aljihunsa ya iya shi yake saya.

Tambayar da ake kawowa kuwa, in an duba, tambayoyi biyu ne aka cuɗa. Ta farko ta rim ce: shin ƙarfen zai zauna daidai a wannan mota? Ta biyu ta taya ce: shin robar ta dace da motar da kuma zafin ƙasar nan? Rim na iya dacewa taya ta ƙi, taya na iya dacewa rim ya ƙi. Kowanne da nasa awon.

Kayan da za a tanada

Jak mai ƙarfi, da madogarin ƙarfe da za a sauke motar a kai. Sifanar taya. Sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai inda aka saita ta. Na san ba kowace rumfa ke da ita ba, amma wanda ya ɗauki sana'ar nan da gaske ya kamata ya yi adashi ya saye ta. Ma'aunin baniya na auna milimita, ko aƙalla rula ta ƙarfe. Buroshin waya, gejin iska, tocila, alli, da ruwan sabulu a gora. Sai takarda da biro, don lambobin suna da yawa kuma suna kama da juna.

1. Fara da motar da za a ɗora wa, ba da rim ɗin ba

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai takarda a manne mai ɗauke da girman tayar da kamfani ya sa da yawan iskar da ake ba ta. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Rubuta abin da ka gani. Kada ka dogara da rim ɗin da ke jikin motar yanzu, don mota ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gabanka, ba ka san wanda ya sauya mata wani abu ba.

Sunan mota kaɗai ma bai isa ba. Corolla ta 2005 da aka yi wa kasuwar Amurka noti biyar gare ta, 'yar'uwarta ta Turai ta wannan shekarar kuwa huɗu. Golf 3 yawancinta huɗu ne, Golf 4 biyar. Don haka in mutum ya bugo waya ya ce, "Ai duk Corolla ce," ka ce masa ya kawo motar ka gani.

2. Auna tazarar hujoji

Nan ne aka fi faɗawa, don haka zan ɗan daɗe. Hujojin rim a kan da'ira suke, kuma faɗin wannan da'ira shi ne ake rubutawa kamar haka: 5x114.3, wato huji biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Dole lambobin biyu su zo daidai da na motar, ba kusa da daidai ba.

Na motocin da suka fi yawa a titunanmu ga su. Camry, Sienna, Accord daga 2003, da yawancin manyan motocin Nissan, Hyundai, Kia da Mazda, duk 5x114.3 ne. Corolla ta Amurka daga 2003 zuwa 2019, da Matrix da Pontiac Vibe na farko, da Golf 4, su kuma 5x100. Mercedes, da Sharan ɗin da 'yan haya ke lodi da ita, da Golf 5 zuwa sama, 5x112. Tsofaffin BMW 5x120. Peugeot 206, 307 da 406 kuwa 4x108, Golf 3 ta gama-gari 4x100. Hilux mai jan ƙafa huɗu da bas ɗin Hiace da ake ce wa Homa, 6x139.7.

Auna mai huji huɗu ko shida ba wuya: daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Mai biyar ne ba shi da abokin fuskanta, sai ka auna daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar na kusa da shi, ka ninka da 1.701. In ka sami milimita 58.8, rim ɗin 5x100 ne. In 65.8 ne, 5x112. In 67.2 ne, 5x114.3.

To, dubi lambobin nan biyu na ƙarshe. Bambancinsu bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa rim ɗin Mercedes yake zurawa a kusoshin Camry, yaro ya ce ya hau. Abin da ke faruwa shi ne, notin farko da ka ɗaure zai janyo rim ɗin gefensa, sauran huɗun kuma kowanne sai ya lanƙwasa kusarsa kaɗan kafin ya zauna. Kusa an yi ta ne ta ja a miƙe. In tana lanƙwashe, duk juyin da taya ta yi sai ta ɗan motsa, a haka ƙarfen yake gajiya har ya karye, kuma in ɗaya ta tafi sauran ba sa jimawa. Kama da wane ba ta wane.

Akwai masu cewa a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su ɗan buɗe hujin, ko a goge shi da fayil. Kada ka yarda, ko da mai motar ne ya nace. Hujin da aka buɗe ya rasa mazaunin noti ke nan har abada. Faifan da ake sawa tsakanin mota da rim don sauya tazara shi ma ban ba da shawararsa ba, domin waɗanda ke yawo a kasuwa ba a san ƙarfen da aka yi su da shi ba. In tazara ba ta zo daidai ba, aiki ya ƙare a nan, a mayar da rim inda aka ɗauko shi.

3. Auna ramin tsakiya

A tsakiyar hob ɗin mota akwai ɗan leɓe da ya turo, shi ne ke shiga babban ramin da ke tsakiyar rim ya tsayar da shi a cibiya kafin a ɗaure noti. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Nissan 66.1, na Hyundai, Kia da Mazda 67.1. Na Corolla mai 5x100 kuwa 54.1, na Golf da Sharan 57.1, na Mercedes 66.6, na Peugeot 65.1.

Ka ga ke nan Camry da Accord tazararsu ɗaya, amma sauyin hanya ɗaya kawai yake bi. Rim ɗin Accord zai hau Camry, don raminsa ya fi leɓen faɗi. Rim ɗin Camry ba zai hau Accord ba, zai tokare a leɓen ya bar giɓi a baya. Haɗarin shi ne giɓin ba ya fitowa fili in ba a leƙa da tocila ba, yaro sai ya ɗaure noti a haka, rim ɗin yana rataye bai taɓa fuskar hob ba. Irin wannan ba ya kai Ƙofar Kabuga daga Ƙofar Mata bai fara kaɗawa ba.

In ramin ya fi leɓen girma, ana sa zobe na roba mai tauri ko na alminiyam ya cike tsakanin. Na ɗora rim ɗin Accord a Camry zai zama 64.1 ta waje, 60.1 ta ciki. Ba zoben ne ke ɗaukar nauyin mota ba, matsin noti ne ke yin wannan, shi aikinsa daidaita cibiya. Amma in babu shi, rim na iya zama a karkace da ɗan abin da bai kai milimita ba, kuma wannan ya isa ya sa sitiyari rawa da zarar an haura 80. Mai mota zai yi ta biyan kuɗin balansin bai san ba nan ciwon yake ba.

4. Duba noti da mazauninsa

Ƙa'idar a taƙaice: zaren noti na mota ne, bakinsa kuma na rim ne.

Motocin Japan da Koriya kusa ce a jikin hob, a ɗaure da noti. Na Turai, irin su Golf, Mercedes da Peugeot, bol ake zurawa ta cikin rim ya shiga hob. Zaren Toyota, Honda, Hyundai da Mazda M12x1.5 ne, na Nissan da Peugeot M12x1.25, na Golf 4 da Sharan M14x1.5. Notin Nissan zai kama kusar Toyota juyi ɗaya ko biyu sannan ya cije. In aka tilasta shi da sifana, zare ya mutu.

Bakin noti kuma iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, shi ne na yawancin rim ɗin ƙarfe na Japan da na aloyin kasuwa. Akwai mai kumburi zagaye, na rim ɗin asali na Honda, Volkswagen da Mercedes. Akwai mai shimfiɗaɗɗen baki da washa a jiki, na aloyin asali na Toyota da na Peugeot da yawa. In aka sa mai zagaye a mazaunin mai tsini, to kamar an ɗora ƙwarya ne a bakin tulu, ba ta taɓa shi sai ta siririn layi. Zai ɗauru ya yi kamar ya kama, amma wannan layin kaɗai ke riƙe da taya, kuma da ya ɗan cinye sai notin ya saki. Saboda haka wanda zai ɗora rim ɗin Accord a Camry sai ya nemo notin Honda, tunda zarensu ɗaya. Rim ɗin Golf 4 kuma a Corolla, ko da yake tazara ta zo daidai kuma zobe zai gyara tsakiya, hujojinsa na bol mai kauri 14 ne, kusar Corolla kuwa 12 ce, notin da zai haɗa su ba a cika samunsa a nan ba. Ni dai ina cewa a haƙura.

Sai tsawo. Aloyi ya fi rim ɗin ƙarfe kauri a wurin huji. Bol ɗin rim ɗin ƙarfe in aka sa shi a aloyi zai gaza, na aloyi kuma a rim ɗin ƙarfe zai zarce ya taɓa kayan birki ta ciki. Ƙirga juyi da hannunka: noti ko bol mai M12x1.5 ya yi kamar juyi takwas kafin ya tsaya. In biyar ya yi ya cije, bai isa ba.

5. Karanta zurfin rim, ka gwada shi da birki

Kifa rim ɗin ka goge bayansa, za ka ga rubutu irin wannan: 6.5Jx16 ET45. Faɗinsa inci shida da rabi ke nan, girmansa inci 16, lambar da ke bayan ET kuma ita ce ke nuna yadda zai shige ciki ko ya turo waje, da milimita. In lambar ta fi ta asali girma, taya za ta matsa ciki ta nemi shok. In ta gaza, za ta fito waje ta goga bodi idan an yi lodi ko an faɗa rami, kuma ta ƙara wa boris wahala. Bambancin milimita biyar ba ya damuwa. Fiye da goma kuwa sai an yi hattara. Misali, tsohuwar Ford Focus da Peugeot 406 duk 4x108 ne, amma rim ɗin Peugeot a jikin Ford zai turo waje da santimita biyu ko fiye.

Rim ɗin sanyi, kamar yadda na faɗa, sau da yawa ƙarami ne. Mai inci 15 ba lallai ya rufe birkin motar da aka yi wa 17 ba. Gwaji ɗaya ne ke raba gardama: ɗora rim ɗin a ƙafar gaba, inda birki ya fi girma, ka ɗaura noti biyu da hannu, ka juya shi kana saurare, ka haska tsakaninsa da kalifa. A samu sarari aƙalla milimita uku ta ko'ina, har da wurin da dalmar balansin take manne. Sannan a murza sitiyari ya ƙure dama, ya ƙure hagu, a duba ko taya na kusantar tiyon birki.

6. Lafiyar rim ɗin kansa

A can gishiri suke watsa wa titi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe da alminiyam. Duba leɓen da taya ke zama a kai. In ya yi tsatsa ko farin gari yana ɓantarewa, iska za ta riƙa zurarewa kullum ba ƙusa ba komai. Ruwan sabulu zai nuna maka wurin. A goge da buroshi, a sauya bawul. Rim ɗin ƙarfe da ya ɗan lotsa ana iya buge shi. Aloyin da ya tsage kuwa, musamman a hannuwansa ko kusa da huji, na 'yan gwangwan ne, walda ba ta mayar da shi yadda yake.

Yawancin motocin Amurka daga samfurin 2008 suna da na'urar auna iska a jikin bawul, Turai kuma ta wajabta tsarin daga ƙarshen 2014. Na'urar wata mota ba lallai ta yi magana da kwamfutar wata ba. In fitilar taya ta ƙi mutuwa bayan sauyi, a ciro na tsofaffin rim ɗin a mayar a sababbin.

7. Karanta jikin taya

Ɗauki 195/65 R15 91T. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, tana hawa rim mai inci 15. Tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 635. Ta 205/55 R16 kuwa 632 ce, shi ya sa suke maye gurbin juna lafiya ko da rim ɗinsu ya bambanta. Amma 215/60 R16 ta Camry 664 ce, ta ɗara da kusan kashi biyar cikin ɗari. In aka sa ta a motar da aka yi wa 635, maleji na nuna 100 kana gudun kusan 105, ga gugar bodi. Kada bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari. Motoci masu jan ƙafa huɗu kuma, irin wasu RAV4 da CR-V, dole tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, in ba haka ba giya ce za ta biya.

Lambar 91 nauyi ce, kilo 615 kowace taya. 94 kilo 670, 95 kilo 690. Kada a sauka ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce, balle a garin da ake cika mota da mutane a ɗora buhu a but. Harafin ƙarshe kuma iyakar gudu ne: Q 160, T 190, H 210, V 240.

Sai shekaru. Nemi rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu. In ka ga 2318, an ƙera ta ne a mako na 23 na 2018. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya tayar. In wurin ya yi alamar gogewa ko ƙuna, an taɓa shi, ka ajiye ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya ta wuce shekara huɗu ta gama aiki. Kamfani irin Michelin kuwa yana cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika biyar, a cire ta in ta kai goma. Goman nan ba da ranar Kano aka ƙiyasta ta ba, kuma jami'in da zai tsayar da kai a hanya huɗu ya sani.

8. In tayar ƙanƙara ce fa?

Alamarta ita ce zanen dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara mai rassa a cikinsa, a gefen tayar. Fuskarta cike take da 'yan siraran tsagogi masu lanƙwasa a kan kowane tudu, in ka danna da farce za ka ji robar da laushi. Wasu suna da ƙananan ramuka a jere inda aka cire ƙusoshin kama ƙanƙara. Sunayen ma suna tona su: Blizzak, X-Ice, Alpin, WinterContact, Hakkapeliitta. Haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, kusan duk tayar gama-gari ta Amurka tana ɗauke da su. Akwai kuma 'yan kaɗan, irin su CrossClimate, masu alamar dutsen amma an yi su don duk shekara. Waɗannan ba su cikin maganar.

An haɗa robar tayar ƙanƙara ne don ta kasance da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Mu kuwa ko a tsakiyar hunturu, lokacin da ake jin ɗumi da asuba a bakin Kurmi, da rana ta ɗaga an wuce 25. Daga Maris zuwa Mayu ana kaiwa 40 har a wuce, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A wannan yanayi robar takan yi laushi fiye da kima. Tuddan zanen suna kwanciya in an taka birki, don haka mota ba ta tsayawa inda ta saba tsayawa. A kwana sitiyari yakan yi lagwab. Ga saurin cinyewa: tayar da aka saya don zurfin zanenta sai ta zama sanƙo cikin 'yan watanni. Duk wannan motsi na roba kuma zafi yake tarawa a cikin tayar. Ka lura ma, tayar gama-gari ta Amurka tana da rubutun juriyar zafi a gefe, A ko B ko C. Ta ƙanƙara galibi ba ta da shi, don ba a wajabta mata wannan gwajin ba.

Zurfin zanen nan da ke ruɗar masu saye shi ma da dalilinsa. Tayar zafi ana hawa ta har zane ya sauka kusa da milimita 1.6. Ta sanyi kuwa a can suna ajiye ta tun tana milimita 4, a Ostiriya ma doka ba ta ɗaukarta a matsayin tayar sanyi in ta gaza haka. Kuma wata huɗu ko biyar kawai ake hawa ta a shekara, sai ta kai shekara takwas zanenta na nan. Mai sayarwa zai ce maka, "Dubi zane, Alhaji, sabuwa ce fil." Kai kuma ka dubi DOT.

Ba na cewa zafi kaɗai zai fasa ta ranar da aka sa ta. Amma tsufa, da lodi, da ƙarancin iska, da gudu mai tsawo a zafin Afrilu, in suka haɗu a kan robar da ba don nan aka yi ta ba, an tara duk abin da fashewa ke buƙata. Wanda ba shi da halin sauyawa yanzu, ya tsaya cikin gari da ita, daga Gwammaja zuwa Kantin Kwari, kada ya hau hanyar Katsina ko ta Wudil. Kada kuma a haɗa ta da tayar gama-gari, ɗaya dama ɗaya hagu, don riƙonsu ba ɗaya ba ne, birki zai ja mota gefe. Mafi alheri shi ne a cire robar, a riƙe rim ɗin in ya ci jarrabawar da ta gabata, a sa masa tayar da ta dace. In biyu kawai za a iya saya, sababbin su tafi baya, domin bayan mota in ya zame ba ya kamuwa da sitiyari.

9. Ɗaurawa da gwaji

A nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Lungunan cikin birni da yawa ƙasarsu a karkace take zuwa kwata, jak kuwa ba ya son haka. A ja birkin hannu, a tokare ƙafafun da ke ƙasa, a sassauta noti kafin a ɗaga. In babu madogari, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar. Kada wani ya sa hannu ko kai a ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe.

A goge fuskar hob da bayan rim da buroshi har tsatsa ta fita, don ɓarɓashin da aka matse a tsakani yana murƙushewa daga baya noti ya saki. Kada a shafa wa kusa baƙin mai ko giris. Awon ɗauri na busasshen zare ne, mai yana sa a ja kusa fiye da ƙarfinta. In tayar tana da kibiya a gefe, kibiyar ta kalli gaba. A fara kowane noti da hannu, sannan a ɗaure ana tsallake ɗaya, kamar zanen tauraro, ba a bi su a jere ba. A sauke mota a ƙarasa da sifanar awo: ƙananan Toyota 103, Honda 108, Golf 4 kuma 120, a ma'aunin Nm. Al'adar zura bututu a sifana yaro ya hau yana tsalle ita ce ke miƙar da kusa, ta kuma sa mai mota ya kasa kwance tayarsa ranar da ta yi faci a daji.

Iska a ba ta yadda takardar ƙofa ta ce, yawanci tsakanin 30 da 35 a ƙananan motoci, kuma a auna da safe kafin a yi tafiya. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba. Masu rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe, su sani tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ta fi ɗaukar zafi.

A yi balansin, sannan a fita gwaji: a hankali tukuna, gilashi a sauke ana saurare, a bi ta kan tudun rage gudu da mutane a baya, sai a hau titi mai sarari kamar na BUK a ji sitiyari. An dawo a haska cikin bodi da gefen taya, ko akwai sabon gogewa. A ce wa mai motar ya dawo bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin, domin rim ɗin da ya sauya mota yakan ɗan zauna.

Ku kuma yara masu koyo, in awo ɗaya ya ƙi, ku faɗa wa mai motar gaskiya ko da zai ɓata rai ya tafi rumfar gaba. Ku rubuta masa lambobin motarsa a takarda, tazara da rami da ET da girman taya, ya riƙe ya shiga Ƙofar Ruwa da ita. Rim ɗin da ya ƙi tasa motar akwai wadda aka yi shi dominta, zai samu mai saye ko mai musanya.